Lissafi: Ƙirƙiro Shi Aka Yi, Ko Tarar Da Shi Aka Yi?



A cikin watan Fabrairu na shekarar 1897, majalisar wakilai ta jihar Indiyana, a ƙasar Amurka, ta zauna a kan wani ƙuduri mai lamba 246. Wani likita ne, Edward Gudwin, ya rubuta shi, ya ba wakilin yankinsu ya gabatar. Likitan nan ya haƙiƙance cewa ya warware wata mas'ala ta handasa, watau ilmin awon siffofi, wadda ta gagari masana tun zamanin Yunanawa: yadda za a zana murabba'i wanda filinsa ya yi daidai da na da'ira, ba da wani kayan aiki ba sai miƙaƙƙen katako da kamfas. Ya kuma yi wa jiharsa alkawari cewa in ta amince da bincikensa a dokance, makarantunta za su koyar da shi kyauta, sauran duniya kuwa sai sun biya. A cikin ƙudurin akwai wata magana wadda, in aka bi ta, kewayen kowace da'ira zai zama faɗinta sau 3.2, alhali kuwa kowane ɗan makaranta ya san 3.14 ne da 'yan kai. Wakilai 67 suka amince, ba ko ɗaya da ya ƙi. Sai aka yi katari wani shehun malamin lissafi na Jami'ar Purdue, mai suna Waldo, ya zo majalisa a kan wata harka ta kasafin kuɗi, ya ji abin da ake ciki, ya zauna da 'yan majalisar dattawa ya fahimtar da su. Suka jingine ƙudurin, har yau ba a sake ɗaga shi ba. Tun a shekarar 1882 ma wani Bajamushe, Lindeman, ya riga ya kawo hujja cewa aikin da likitan ke iƙirarin ya yi ba ya yiwuwa sam.

Kafin a yi wa wakilan nan dariya, ya kamata a tuna cewa hukumomi sun sha sake lambobi da doka, kuma abin ya zauna daram. Ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule da kwabo, ta koma naira da kobo. Kafin ran nan kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, watau kwabo 240 a fam guda, kuma akawu da yawa sun yi furfura suna haddace wannan. Aka wayi gari fam ɗaya ya zama naira biyu, naira kuma kobo 100. Ba abin da ya rushe. A watan Afrilu na 1972 an umurci direbobi su bar hannun hagu su koma hannun dama, suka koma. To, me ya sa doka ta iya da kwabo da sule, amma da'ira ta gagare ta? Wannan ita ce mas'alar da wannan lacca ta ƙunsa, ko da yake masana falsafa sun saba ɗora ta da wasu kalmomi: shin lissafi abu ne wanda yake nan da kansa, ko da mutum ko babu, mutane suka tarar da shi kamar yadda matafiyi ke tarar da kogi, ko kuwa aikin hankalin ɗan Adam ne, kamar harshe da doka da wasa, wanda da ba a yi mutum ba da babu shi?

Muhawarar daɗaɗɗiya ce. Aflatun, a birnin Atina, wajen shekara 2,400 da suka wuce, ya tafi a kan cewa lambobi da siffofi suna da samuwa tasu ta haƙiƙa, ba su tsufa, ba su sakewa, kuma da'irar da ake zanawa a ƙasa inuwa ce kawai ta cikakkiyar da'ira wadda hankali kaɗai ke riska. Almajirinsa Aristo bai yarda ba. A ganinsa babu wata duniya ta dabam inda uku take zaune. Akwai awaki uku da duwatsu uku, hankali ne ke tsamo ukun daga cikinsu. Tun daga nan aka rabu, kuma har yau manyan masana lissafi suna nan a kowane ɓangare.

Akwai dai wani kaso na lissafi da ba mai musun cewa mutane suka ƙirƙiro shi, gara a sallame shi tun da wuri. Sunayen lambobi na mutane ne. Hausawan dā suna cewa gomiya biyu, gomiya uku, kana daga baya aka aro ashirin da talatin daga Larabci. Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya, yana nufin 19. Yarabawa suna ƙirga da ashirin-ashirin, suna ragewa suna ƙarawa. Bafaranshe yana kiran tamanin da sunan ashirin huɗu. Mutanen Babila sun gina ƙirgarsu a kan 60, ragowarta ce ta sa har yanzu minti 60 ke yin awa. Alamomin rubutu ma haka suke. Sifiri ya daɗe bai sami wurin zama ba, sai a shekarar 628 wani masani na ƙasar Hindu, Barahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin aiki da shi kamar sauran lambobi. Alkawarizmi ya yaɗa ƙirgar Hindu daga Bagadaza a ƙarni na tara, wani ɗan Italiya kuma, Fibonaci, wanda ya koye ta a garin Bijaya na Aljeriya, ya rubuta littafinsa a kanta a 1202. Duk waɗannan tufafi ne, ana sawa ana tuɓewa. Abin tambaya shi ne ko akwai jiki a ƙarƙashin tufafin.

Akwai wani zane da kusan duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya taɓa gani a jikin allo ko a takardar malamai, watau hatimi mai gida tara. Amfanin da ake yi da shi wajen laya wani batu ne dabam; abin dubawa a nan lambobinsa ne:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Kowane layi aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 ake samu. Wa ya yanke cewa 15 za ta zama, kuma wa ya zaɓi 5 ta zauna a tsakiya? Ba kowa. Jimlar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45. Layukan kwance uku ne, kuma tilas su yi daidai da juna, saboda haka kowane 15 ne, ba makawa. Layuka huɗu ne kuma ke ratsa gidan tsakiya: na kwance ɗaya, na tsaye ɗaya, na karkace biyu, jimlarsu 60. Layukan nan huɗu sun taɓa kowane gida na gefe sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Watau 60 ɗin nan ita ce 45 da ƙarin gidan tsakiya sau uku. Ƙarin 15 ke nan, in aka raba shi uku a sami 5. Wanda ya ci gaba da bin sawun zai iske cewa 2 da 4 da 6 da 8 ne kaɗai ke iya zama a kusurwoyi, kuma in ban da juya takarda ko kifa ta, hatimi mai gida tara guda ɗaya ne tak. Shi ya sa wanda mutanen Sin suka rubuta wajen shekara dubu biyu da suka wuce, da wanda Ikhwanus Safa suka kawo a Basra a ƙarni na goma, da na jikin allon almajiri, duk abu ɗaya ne. Ko da ba wanda ya kwaikwayi wani, ba su da wata mafita sai wannan.

Ƙasar Hausa tana da nata gwani a wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, a shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci wanda a ciki ya bayyana hanyoyin gina hatimai masu layi na wuturi, watau uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Hanyoyin da ya tsara nasa ne, wani yana iya tsara wasu. Amma yawan hatiman da ke yiwuwa ba ya hannunsa, ba ya hannun kowa. Hatimi mai gida huɗu, biyu-biyu, ba ya yiwuwa ko kaɗan, kome ƙwarewar mai zane. Mai gida 16 yana da iri 880, kamar yadda wani Bafaranshe, Firenikil, ya lissafa a cikin aikinsa da aka buga a 1693. Mai gida 25 yana da iri 275,305,224, kuma sai a 1973 aka ƙirga su da kwamfuta. To, a 1732, sa'ad da Alkatsinawi ke rubutu, hatimai masu gida 25 guda nawa ne? Da wuya mai hankali ya ce ba su da adadi a lokacin, sai da kwamfuta ta zo ta yanka musu. Adadin yana nan, saninsa ne babu.

A cikin wannan shekara ta 1732, can a birnin Fitasbag na Rasha, wani abu ya faru wanda ya fi wannan nauyi. Akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. A kira su gagara-raba. Ferma, alƙali ne a Faransa kuma ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na zamaninsa, ya lura da wani tsari a 1640. A fara da 2, a ninka ta da kanta a sami 4, a ninka 4 da kanta a sami 16, haka nan 256, sa'an nan 65,536. In aka ƙara wa kowace 1 sai a sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukansu kuwa gagara-raba ne. Ferma ya sakankance cewa haka abin zai ci gaba har abada, ya rubuta wa abokansa haka, ya mutu a kan haka. Bayan shekara 92 sai Oila ya ɗauki lamba ta shida, watau 4,294,967,297, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Daga ran nan har yau ba a sake samun ko ɗaya gagara-raba a cikin jerin ba. Marubucin labari yana da ikon kashe jaruminsa ko ya raya shi, don shi ya ƙirƙiro shi. Ferma ba shi da wannan iko a kan lambobinsa. Ya so, sun ƙi. Abin da mutum ya ƙirƙira da hankalinsa kaɗai, yaya zai juyo ya ƙaryata shi bayan ya mutu?

Wannan taurin kai na lissafi shi ne babbar hujjar masu cewa gano shi ake yi. Iƙlidis, a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa gagara-raba ba su da iyaka: kome yawan waɗanda aka tara, in aka ninka su da juna aka ƙara 1, lambar da ta fito ba ta rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu, saboda haka lalle akwai wata da ba a tara ba. Dauloli sun tashi sun faɗi, ilmin likita da na taurari na zamanin Iƙlidis sun zama tarihi, amma wannan hujja ko wasali ba a gyara mata ba. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata gagara-raba wadda rubuta ta ke cin alƙaluma 41,024,320, kuma tun kafin a fara nema an san akwai wadda ta fi ta.

Amma fa masu ra'ayin ƙirƙira ba su rasa abin faɗa ba, kuma hujjarsu mafi ƙarfi daga wurin Iƙlidis ɗin nan ta fito. Ya gina handasarsa a kan ginshiƙai biyar, watau maganganun da aka karɓa ba tare da hujja ba don a fara. Huɗu gajeru ne, ba mai ja. Na biyar, wanda ya shafi layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗuwa, ya tsaya wa masana a rai, suka yi shekara dubu biyu suna ƙoƙarin fitar da shi daga sauran huɗun. Ibnul Haisam ya gwada a Alƙahira, Umar Hayyam ya gwada a ƙasar Farisa, Nasiruddin Attusi ya gwada, wani limamin Kirista ɗan Italiya, Sakeri, ya buga littafi guda a kai a 1733. Ba wanda ya ci nasara. Sai a 1829 Lobacebski, a garin Kazan na Rasha, ya yi abin da na baya suka ji tsoro: ya jefar da ginshiƙi na biyar, ya kafa kishiyarsa, ya ci gaba da gini. Ginin bai rushe ba. Aka sami wata handasa sabuwa wadda a cikinta kusurwoyin alwatika ba su kai digiri 180 ba. A 1854 Riman, a Jami'ar Gotingen ta Jamus, ya buɗe ƙofar wasu handasoshin masu yawa. Abin ba ma sihiri ba ne: a bayan ƙwallo, in aka sauko daga ƙololuwa zuwa ɗamara, aka bi ɗamarar rubu'in kewayenta, aka koma ƙololuwa, an zana alwatika mai digiri 270. To, in akwai handasa fiye da ɗaya, kowace tana tsaye da ƙafafunta, wace ce ta duniyar Aflatun? Ashe ginshiƙan da aka ɗauka gaskiya ce tabbatacciya zaɓi ne.

Daga nan ne wani ra'ayi ya yi ƙarfi a farkon ƙarni na ashirin, wanda aka fi danganta shi da Hilbat na Gotingen: a ɗauki lissafi kamar wasa da alamomi, a kafa ƙa'idoji, a bi su, abin da ake bukata kurum shi ne kada su yi karo da juna. Wani ɗan Holan, Burawar, ya zo ta wata hanya, ya ce lissafi gini ne da hankali ke yi a cikin kansa, abin da ba a gina ba tukuna ba a ce masa gaskiya, ba a ce masa ƙarya. Rikicinsu bai tsaya a takarda ba. A 1928 Hilbat ya sa aka cire Burawar daga cikin editocin babbar mujallar lissafi ta Jamus. Masu zaton masana lissafi mutane ne marasa zuciya sai su karanta tarihin wannan shekara. Waɗannan ɓangarori suna kuma da wata tambaya wadda har yau mabiya Aflatun ba su amsa ta yadda zuciya za ta kwanta ba. Kogi ana ganinsa, ana taɓa ruwansa. Lamba 7 ba ta da nauyi, ba ta da wuri, ba ta haske, ba ta ƙara. In tana zaune a wata duniya wadda ba ta taɓa wannan, ta wace kafa labarinta ya iso ƙwaƙwalwar mutum?

Tambayar tana da nauyi, amma misalin wasa bai kai masu shi inda suke so ba. Dara mutane suka ƙirƙiro ta, gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma da an ga dama da an yi ta da wasu ƙa'idoji. Amma da zarar an shimfiɗa ƙa'idojin, wanda ya ƙirƙiro su ma ana iya cinye shi, don bai san duk abin da ya ƙunsa a ciki ba. Akwai wata irin dara ta Turawa, mai gidaje baƙaƙe da farare, ita ma 'ya'ya 12 kowane gefe. An yi ɗaruruwan shekaru ana buga ta, sai a 2007 masana a Jami'ar Albata ta Kanada, bayan shekara 18 kwamfutoci suna aiki, suka tabbatar cewa in duka 'yan wasan biyu ba su yi kuskure ba, canjaras za a tashi. Ba wanda ya rubuta wannan a cikin ƙa'idojin, amma yana ciki tun ranar farko. Haka handasar Lobacebski take. Shi ya zaɓi ginshiƙin, amma ba shi ya zaɓi abin da ya biyo baya ba. Abin lura kuma shi ne wani saurayi ɗan Hangare, Boyai, ya buga wannan handasa ɗin a 1832 bai san da aikin Lobacebski ba, Gaus kuma ya riga ya hango ta ya yi shiru. Mutum uku, ƙasa uku, sakamako ɗaya. Mawaƙa uku da ba su san juna ba ba su taɓa tsara waƙa ɗaya.

Sauran abu guda da ke da wuyar bayani ga mai cewa wasa ne kurum, watau yadda duniya ke bin lissafin da aka yi ba don ita ba. Afoloniyus ya rubuta littattafai a kan siffofin da ke fitowa in aka yanka mazurari, wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ba don wani amfani ba. Bayan shekara 1,800, a 1609, Kefla ya iske cewa a kan ɗaya daga cikin siffofin nan Mirrihu ke kewaya rana. A 1846 Laberiye, a Faris, ya lura da karkacewar tafiyar Yuranus, ya yi lissafi a takarda, ya aika wa masu duban taurari na Balin cewa su duba wuri kaza. Ran 23 ga Satumba suka duba, suka ga Naftun, ba ta kauce wa wurin da ya faɗa da digiri guda ba. Handasar Riman ta kwanta shekara sittin, sa'an nan Ainstain ya ɗauke ta a 1915 ya bayyana ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, kuma ran 29 ga Mayu 1919, lokacin husufin rana, aka auna lanƙwasar hasken taurari a tsibirin Firinsife, kudu da gaɓar Nijeriya, da garin Sobral na Barazil, aka sami abin da ya goyi bayansa. Ana iya cewa mutum ya zaɓi lissafin da ya dace ne ya manta da tulin da bai dace ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wasu ƙwari masu kama da gyare a gabashin Amurka waɗanda ke kwana a ƙasa shekara 13, wasu 17, kana su fito gaba ɗaya. Lambobin biyu gagara-raba ne, kuma masana da yawa suna ganin hakan ne ke rage haɗuwarsu da abokan gaba masu zagayowa a kan lokaci. Wasu garkuna biyu, ɗaya na 13 ɗaya na 17, sun fito tare a 1803, ba su sake haɗuwa ba sai 2024, watau shekara 221, 13 sau 17. Ƙwarin nan ba su shiga aji ba.

In aka auna duka, abin da ya fi rinjaye shi ne wannan: mutum ke sa suna, shi ke zana alama, shi ke zaɓen tambaya, har ginshiƙai ma yakan zaɓa, amma amsa ba tasa ba ce. Sanin inda iyakar nan ta ratsa ba aikin masana falsafa kaɗai ba ne, ma'aikacin gwamnati yana karo da ita kullum a kan teburinsa. Hukuma tana da ikon yanke yawan haraji, ta sake sunan kuɗi, ta ce a bar yadi a koma mita. Amma bashin da ruwansa kashi 10 cikin ɗari ne a shekara, ruwa na hawa kan ruwa, zai ninka kansa cikin shekara bakwai da 'yan watanni, ko minista ya sa hannu ko bai sa ba. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara za ta ninka cikin kusan shekara 23 da rabi, kuma ajujuwa da gadajen asibiti da ba a ninka ba za su nuna. Ɗalibi kuwa da aka taɓa gaya wa cewa lissafi kayan Turawa ne, ko na wata ƙabila, yana iya duba jerin sunayen da suka gabata: Babila, Sin, Hindu, Iskandariyya, Bagadaza, Katsina, Kazan. Harsunansu ba su haɗu ba, dokokinsu ba su haɗu ba, 5 ɗin tsakiyar hatimi ce ta haɗa su.

Sai dai ba daidai ba ne a bar wannan zama da zaton an rufe mas'alar, don akwai wani yanki na lissafi inda ƙafar wannan hukunci ke rawa. Hilbat ya yi burin a kafa ginshiƙai waɗanda za su amsa kowace tambaya ta lissafi. A 1931 wani saurayi a birnin Biyana, Kurt Godel, ya nuna cewa burin ba ya cika: duk wani tsarin ginshiƙai da za a iya jerawa, wanda bai yi karo da kansa ba, kuma ya isa ya ɗauki tarawa da ninkawa, akwai maganganu a kan lambobi waɗanda ba ya iya tabbatarwa, ba ya kuma iya ƙaryatawa. Godel kansa mabiyin Aflatun ne, ya ɗauki wannan alama ce cewa gaskiyar lissafi ta fi kowane littafin ƙa'idoji faɗi. Wasu masana ba su fahimci sakamakon haka ba, kuma hujjar ita kaɗai ba ta tilasta musu.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen abubuwa marasa iyaka. Makiyayin da bai iya ƙirga ba yana iya sanin ko tumakinsa sun cika, in ya ajiye tsakuwa ɗaya a madadin kowace tunkiya. Da wannan dabara Kanto, a Jamus, ya gwada tarin da ba su da ƙarshe, a 1874 ya nuna cewa ɗigogin da ke kan layi guda sun fi lambobin ƙirga yawa, ko da yake duka biyun ba su da iyaka: kome aka yi, tsakuwar za ta kasa. Watau rashin iyaka ma hawa-hawa ne. Sai ya tambaya: akwai wani hawa tsakanin waɗannan biyu? Ya yi zaton babu, bai iya kawo hujja ba. Hilbat ya sa wannan a matsayin ta farko cikin mas'alolin da ya gabatar a taron Faris na 1900. A 1938 Godel ya nuna cewa ginshiƙan da masana suka dogara a kansu ba su iya ƙaryata zaton Kanto. A 1963 wani Ba'amurke, Fol Kohen, ya nuna cewa ba su iya tabbatar da shi kuma. Ana iya ɗaukarsa a ci gaba da gini, ana iya ɗaukar kishiyarsa a ci gaba da gini.

Game da hatimi mai gida 25 an ce adadin yana nan, saninsa ne babu. Ko ana iya faɗin haka a nan? Waɗansu masana sun ce a'a: tambayar Kanto ba ta da amsa guda, akwai duniyoyin lissafi da yawa, a wata haka ne, a wata ba haka ba ne, kamar yadda handasa ta zama. Godel bai yarda ba. Tun a 1947, kafin aikin Kohen, ya rubuta cewa in har ginshiƙan suka kasa yanke hukunci, abin da hakan ke nunawa shi ne ba su siffanta abin da ke nan cikakke ba, sai a nemi ƙari. Shi kansa yana ganin zaton Kanto kuskure ne. Ya rasu a Firinstan a 1978. Masu bin sawunsa sun gabatar da sababbin ginshiƙai iri-iri, waɗansu suna kai wa ga zaton Kanto, waɗansu ga kishiyarsa, kuma har yanzu babu ɗaya daga ciki da jama'ar masana suka haɗu a kan karɓarsa.